Kankana ta yi fure ba ta ɗaure ba: ina ƙwarin da ke barbarar fure suka shiga?

Sabi'u Ɗanfadama:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wani batu da nake so masana su warware mana. Koken masu kankanar rani kusan iri ɗaya ne: yaɗo ya rufe ƙasa, fure ya fito sosai, amma da zarar 'ya'yan sun kai girman ƙwan kaza sai su yi rawaya su kaɗe. Waɗanda suka tsira ma da yawa a karkace suke, gefe guda a cike, gefe guda a tsuke. A ƙara taki, a ƙara ban ruwa, a ƙara feshi, duk kanwar ja ce. Wasu sun ɗora wa iri laifi, wasu sun ce ƙwarin da ke bin fure ne suka yi ƙaranci. Wanne ne a ciki, kuma ina mafita?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam Sabi'u. Kafin a zargi iri, a duƙa a dubi furen tukuna. Kankana fure biyu take yi a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan ƙulli kamar jaririyar kankana a gindinta, namijin kuwa siririn tsinke ne kawai ke riƙe da shi. Namijin ke fara fitowa, kuma ya fi macen yawa nesa ba kusa ba. Garin furen kankana yana da danƙo da nauyi, iska ba ta ɗaukarsa kamar na masara ko gero, dole sai ƙwaro ya kwasa a gashin jikinsa ya kai.

Furen kuma yini ɗaya tak yake yi. Ya buɗe bayan fitowar rana, kafin la'asar ya rufe, shi ke nan. A cikin 'yan awannin nan macen na buƙatar ƙudan zuma ya sauka mata kamar sau 8, ya zube ƙwayar gari 500 zuwa 1,000, kuma garin ya samu dukkan ɓangarori ukun nan da ke tsakiyarta. Ɓangaren da bai samu ba, gefensa ba zai yi iri ba, gefen da ba iri kuwa ba ya cika. Asalin karkacewar ke nan. In ba a kai komai ba, ƙullin ya yi rawaya ya faɗi.

Garba Mai Feshi:
Dakta, da izininki. Kada a manta da ƙudan nan da ke harbin 'ya'yan kankana da gurji yana zuba ƙwai a ciki. Shi ma yana karkata su ya ruɓar da su, kuma saboda shi ne manoma ke goya famfo kusan kowane mako.

Dakta Hadiza:
Gaskiyarka Malam Garba, kuma rabe su ba wuya. A tsinko wanda ya lalace a tsaga. In akwai ɗigon huda a bawo da ɗan ruwa mai danƙo, ciki kuma da fararen tsutsotsi, aikin ƙuda ne. In bawo sumul, ciki tsaf, sai dai irin fanko ne ko babu shi a gefe ɗaya, rashin barbara ne.

Mai son tabbatarwa ya yi gwaji uku a gonarsa. Da yamma ya zaɓi furen mace 30 da za su buɗe gobe. Guda 10 ya rufe su da ƙyallen gidan sauro, 10 ya bar su sake, 10 kuma da sassafe ya yi musu barbara da hannu: ya tsinko namijin da ya buɗe a ranar, ya fige ganyen furen, ya goga kan a dukkan ɓangarori ukun macen. Ya ɗaura zare mai launi daban ga kowane rukuni. Bayan mako guda ya ƙirga. Na cikin raga duk za su kaɗe. In na hannu sun ɗaure 9, na sake kuma 4, to gonar ƙwari take nema, ba taki ba. Akwai kuma ƙirga mai sauƙi: tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe a bi kunya a hankali, ya kamata a ga aƙalla ƙudan zuma ɗaya a kowane fure 100.

Nura Ɗalibi:
To Dakta ai sai a riƙa yi da hannu kawai a huta.

Sabi'u Ɗanfadama:
A ɗan lambun bayan gida ka ce, Nura. Hekta guda tana buɗe dubban fure kowace safiya har tsawon makonni, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi dole a gama. Kuɗin 'yan ƙwadago kaɗai ya cinye ribar.

Garba Mai Feshi:
Bari in faɗi inda kuskuren yake ta ɓangarenmu, don ba a ɓoye wa likita ciwo. Yawancin feshi da safe ake yi, tsakanin 7 da 10, saboda sanyi kuma iska ba ta tashi ba. Daidai lokacin da fure ke buɗe ƙwari na kai ke nan. Sannan ma'auni: kwalba ta ce mililita 30 ko 40 a famfo mai lita 16, sai a auna da gwangwanin tumatir, wanda ya kai ninki biyu. Sannan a haɗa magani biyu ko uku a famfo ɗaya wai don ya yi ƙarfi.

Gyaran da ba ya cin ko sisi: a mayar da feshi bayan la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, lokacin furen kankana da na wake sun rufe. A auna da sirinji ko murfin awon da ke zuwa da kwalbar. Kada a fesa in iska na kaɗa ganye sosai, kuma kada a matsa famfo har ruwan ya zama hazo, don hazon ne ke tashi ya sauka a gonar maƙwabci da bishiyoyin gefe. Ragowar ruwan famfo kada a zubar a kwatar ban ruwa ko kududdufi, nan ƙudan zuma ke sha da rani.

Ƙudan da ke harbin 'ya'yan kankana kuwa, rabin maganinsa tsinta ce. Duk kwana biyu ko uku a tattara 'ya'yan da ya harba, a binne su a rami mai zurfin da ya wuce rabin mita, ko a ƙulle su a baƙar leda a shanya a rana. In an bar su a kunya, tsutsar za ta fita ta shige ƙasa ta dawo ƙuda.

Dakta Hadiza:
Feshin yamma na da amfani, amma ba ga kowane magani ba, kuma nan ake yawan ruɗewa. Kashi uku ne.

Akwai masu kisa ta taɓawa, irin su lamda da saifametirin. Waɗannan in an fesa da yamma sun bushe kafin safiya, haɗarinsu ya ragu sosai, duk da bai tafi gaba ɗaya ba. In raɓa ta sauka ta sake jiƙa ganye, dafin ya farka.

Akwai masu shiga jikin shuka su bi ruwanta har cikin fure, wato imidakulofirid da tayametokzam da danginsu. Duk kwalbar da sunan sinadarinta ya fara da "imida" tana cikin wannan layi. Su ko da tsakar dare aka fesa, gobe da jibi dafin na cikin ruwan zaƙin fure da garinsa. Abin da ke kashe ƙudan zuma ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba, wanda bai mutu ba kuma yakan ɓace hanyar gida. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili tun 2018, amma ga su nan a kasuwanninmu. Ƙa'ida: in shuka ta fara toho na fure, an rufe babinsu. Daimetowet shi ma yana shiga jiki, kuma yana da zafi ƙwarai ga ƙudan zuma.

Na uku masu sauƙi. Maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya, ba ya taɓa ƙudan zuma sam, tsutsa kawai yake kashewa. Sai ruwan 'ya'yan darbejiya: a ɓare, a daka ƙwayar giram 50 ga kowace lita, wato giram 800 ga famfo mai lita 16, a jiƙa ta kwana, a tace da ƙyalle sau biyu don kada ta toshe bakin famfo, a narka sabulu kamar giram 30 a zuba. A fesa a ranar da yamma, domin rana na kashe ƙarfinsa. Ba ya kisan nan take, hana ƙwaro ci da girma yake, saboda haka wanda ya jira ganin gawa gobe zai ce bai yi aiki ba.

Malam Isuhu Maraɗi:
Masu wake su ma su saurara. Wake yana barbarar kansa, amma babban baƙin ƙudan nan mai huda itace yana ƙara masa ɗauri. Feshi biyu zuwa uku a kan kari sun isa: lokacin toho, lokacin da fure ya cika, da lokacin da kwanso ke cika. Ba bakwai ko takwas ba. Irin SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya ta fitar a ƙarshen 2019 yana kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanso, shi ya sa feshinsa ya sauka zuwa biyu. Amma kada a ce ba ya son feshi gaba ɗaya, ƙwarin da ke tsotse kwanso ba ruwansu da wannan kariyar.

Masu fidda irin albasa kuwa, ko a Galmi ko a Aliero, su ne suka fi kowa asara in ƙwari suka ɓace. A kan albasa ɗaya furen na sakin garinsa kafin ɓangaren macen ya nuna, saboda haka dole sai ƙwaro ya ɗebo daga wani furen. Ƙudan zuma da ƙudaje ne ke wannan aiki. A fesa lokacin da kai ya yi fari, sai a sussuka a tarar da ƙaiƙayi.

Alhaji Tanko Mai Zuma:
Mafita ta kusa ita ce a kai amya gona. Hekta guda ta kankana amya 2 zuwa 3 masu ƙarfi. A kai su da dare, lokacin da furen mace ya fara bayyana. In an riga fure zuwa, zuman zai saba da wata bishiya can nesa ya ƙyale gonar. A ajiye a inuwa, ƙofa ta dubi gabas, a kan tsayin da ya kai ƙugu, a shafa baƙin mai a ƙafafun don tururuwa. A nisanta da gida da hanya da turken dabbobi aƙalla mita 100, domin zumanmu na Afirka ba shi da wasa, jakin da ke ɗaure ba ya iya gudu. A ajiye ruwa a faranti mai faɗi da tsakuwa a ciki yadda za su sauka ba su nutse ba.

Sannan a bar shan zuma da wuta. Wanda ya hau bishiya da dare da harshen wuta ya ƙone uwar, ya ƙone 'ya'ya, ya kwashe saƙa duka, bana ya sha baɗi babu. Amyar katako mai sanduna a sama ta fi. Faɗin kowace sanda santimita 3.2 daidai, in ya wuce ko ya gaza sai su yi saƙa a gicciye ta manne sanduna biyu. Hayaƙi mai sanyi na busasshen kashin shanu ko totuwar masara ya isa. A ɗebi saƙar da aka rufe bakinta da kaki kawai, a bar mai 'ya'ya da ɗan abincinsu.

Dakta Hadiza:
Alhaji, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa daidai ne, sai dai amya ba ta maye gurbin na daji. Ƙudan zuma a duniya ya kai iri 20,000, mai yin zumar da muke sha kaɗan ne a ciki. Mafi yawansu ba su da uwa ba su da runduna, kowace mace da raminta. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya duba gonaki 600 a ƙasashe da dama, ya gano ziyarar ƙwarin daji tana ƙara ɗaurin 'ya'ya ninki biyu na ziyarar ƙudan amya. Akwai ma aikin da na amya ba ya iyawa. Furen tumatir da gauta sai an girgiza shi garin ke zubowa, baƙin nan mai huda itace ne ke rungumar furen ya yi masa gurnani. Sa kunne a gonar gauta da hantsi, za ka ji.

Kuma in an jibge amya da yawa inda fure ya yi ƙaranci, na daji ne ke kwana da yunwa.

Alhaji Tanko Mai Zuma:
Ban musa ba Dakta. Amma manomin da kankanarsa ke fure yau ba zai jira daji ya farfaɗo ba. Amya ta bana ce, naki na shekaru ne.

Nura Ɗalibi:
Ina malam-buɗe-littafi a wannan lissafi? Shi ake ta nunawa a hotuna in ana maganar ɓacewar ƙwari.

Baba Ɗan'azumi:
Yaro, wannan da kake gani da ado tsutsa ce jiya. Ita ce ke cinye ganyen lemo da masara da kabeji. Yanzu manomi za a ce ya yi kiwon abokin gabarsa?

Dakta Hadiza:
Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka haka take. A gona malam-buɗe-littafi ba gwanin barbara ba ne. Ƙafafunsa dogaye ne, jikinsa ba ya goguwa da fure kamar ƙudan zuma. Amma tsutsar da ke cin masara, wadda ta shigo Najeriya a 2016, ba tasa ba ce, ta wani ɗan'uwansa mai yawon dare ce, haka ma ta kabeji da ta wake. Na rana kusan kowanne da dangin shukar da tsutsarsa ke ci. Mai ruwan lemo da baƙin gefe da fararen ɗigo, tsutsarsa tumfafiya take ci, ta kwashi dafinta, shi ya sa tsuntsu ba ya kula shi. Fari mai ɗan kore da rawayen nan ƙanana da ke taruwa a bakin taɓo, tafasa da rai-ɗore suke ci. Farare masu jan ko ruwan lemon baki a fiffike, anza da danginta. Wanne a cikin waɗannan manomi ya shuka?

Wanda ke cin ganyen lemo gaskiya ne akwai shi, babban nan baƙi mai ɗigon rawaya. A dashen da bai wuce shekara biyu ba a tsince tsutsar da hannu, ƙaramarta kamar kashin tsuntsu take a kan ganye. Babbar bishiya ba ta ma san ana yi ba.

Na daren kuma ba duka ne ɓarayi ba. Akwai manya masu dogon baki kamar zare da ke shawagi a gaban fure da magariba. Su ke barbarar gwanda da duma. Farin furen duma da yamma yake buɗewa saboda su. Don haka shawarar feshin yamma ba ta hau gonar duma da gwanda ba, can sai furen ya yanƙwane da safe. Kuma Bt da na yaba ɗazu, ba ya tambayar tsutsa ta wane ce, kada ya sauka a ciyawar gefen gona.

Malama Rabi Malamar Kimiyya:
In ƙara wa Nura. Masu fuskantar ɓacewa da gaske a Najeriya na kurmi ne, a tsaunukan Oban na Kuros Riba da Obudu da guntayen kurmin Mambila. Can ne ake samun mafi girma a Afirka, wanda faɗin fiffikensa ke wuce santimita 20. Su in an sare kurmin an gama da su, ba lambun da zai cece su. Namu na arewa suna da faɗin ƙasa, raguwa suke wuri-wuri.

Darasin da ya fi amfani daga Ingila ya fito. Wani malam-buɗe-littafi shuɗi ya ɓace musu a 1979. Shekaru suna zargin masu kamawa don ado, har suka kewaye filayensa da shinge, ashe shingen ne ya ƙarasa shi. Wani masani, Jeremy Thomas, ya gano tsutsar tana cin furen wata 'yar ciyawa na 'yan makonni, sai ta faɗo ƙasa wata jar tururuwa ta ɗauke ta zuwa raminta, ta yi kusan wata goma tana cin 'ya'yan tururuwar. Kuma iri ɗaya na tururuwar ne ke riƙe ta, ita kuma sai ƙasa mai ɗumi, inda ciyawa take gajera ƙwarai. Da aka hana dabbobi kiwo, cuta kuma ta kashe zomaye, ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta yi sanyi, tururuwar ta tafi. Sai da aka dawo da kiwo, aka ɗebo iri daga Suwidin tun daga 1983, sannan ya zauna.

Na Amurka mai ƙaura zuwa Meziko kuwa ɗan'uwan namu na tumfafiya ne. Dajin da suke rufewa da hunturu ya kai hekta 18 a 1996 zuwa 1997, ya faɗo ƙasa da hekta ɗaya a 2013 zuwa 2014. Babban dalili, maganin ciyawa ya share shukar da tsutsarsu ke ci daga gonakin masara da waken suya. Fure ya cika lambu, in babu abincin tsutsa, ba a yi komai ba.

Baba Ɗan'azumi:
Wato a bar tumfafiya da tafasa a bakin gona. Wannan ba wuya, dama tafasa miya ce.

Hajiya Lami Mai Man Kaɗe:
Ku tuna da mu mata. Kaɗanya da rani take fure, daga Disamba zuwa Maris, kuma ƙudan zuma da rakuwa, 'yar ƙaramar nan marar harbi, su ke ɗaura mata 'ya'ya. Binciken da aka fitar a 2020 daga kudancin Burkina Faso ya nuna kaɗanyar da ke cikin bishiyoyi da sagagi iri-iri ta fi samun barbara a kan wadda aka share komai aka bar ta ita kaɗai. Dalili a fili yake: furen kaɗanya na 'yan makonni ne, sauran shekara me za su ci? A can ɗin dai wani binciken na 2017 ya nuna in an hana ƙwari zuwa, riɗi na rasa kashi 59 cikin 100, auduga kashi 37.

Abu biyu ke kashe mu. Masu gawayi da ke sare bishiyar da sai ta shekara 15 zuwa 20 take fara haihuwa, da wutar daji a tsakiyar rani da ke babbake fure. Sai masu fasa kogon bishiya don cokali biyu na zuman rakuwa, su bar gidan a buɗe tururuwa ta ƙarasa.

Malam Isuhu Maraɗi:
Hajiya ta taɓo jijiyar. Yunwar rani ta fi feshi kisa a wasu wuraren. Duk wanda ya ga ƙudan zuma ya yi dandazo a kan dusa a bakin injin niƙa, ko a baron mai rake, ya san daji ba fure. Abin nema shi ne kada wata ya wuce ba abin da ke fure: magarya a ƙarshen damina, gawo da sabara da shigowar kaka, mangwaro da kaɗanya da hunturu, ɗorawa da darbejiya da bazara, zogale kusan duk shekara in yana samun ruwa.

Ba sai an sayi dashe ba. Sassabin zamani da ya faro a yankin Maraɗi a shekarun 1980, wanda wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗawa, ya dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturen da ke tohowa a gona, maimakon a sassabe shi duka, a zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran da wuƙa mai kaifi, ana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ƙananan rassan gefe a rage su zuwa rabin tsayi. A ɗaura jan ƙyalle don a san da mai shi. A koma bayan 'yan watanni a sake gyarawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin gawo kaɗai saboda taki. A bar iri-iri.

Wuta kuma, in dole ne, a yi ta da wuri ciyawa na da sauran danshi, da yamma, a share layi mai faɗin mita 3 zuwa 5, kuma kada a ƙone fili duka a shekara ɗaya. Ƙwai da tsutsar da ta kwanta a kwansonta suna cikin busasshen ganye da kara suna jiran ruwan farko.

Sabi'u Ɗanfadama:
A fadama fa, inda kowane taku kuɗi ne?

Dakta Hadiza:
Bakin kwata da kan iyaka sun isa. Layi mai faɗin mita 1 zuwa 2 na riɗi, ɗoɗɗoya, yakuwa ko rama, duk abin da za a ci ko a sayar. A shuka kashi-kashi, tsakani mako uku, yadda wani na ƙarewa wani na farawa, kuma kashin farko ya riga kankana fure don ƙwari su san hanya. Ƙananan ƙudan daji ba sa wuce mita 100 zuwa 300 daga gidansu, saboda haka layi ɗaya a ƙarshen gona mai hekta biyar bai kai tsakiya ba.

Inda abin ke ɓaci: a tara ƙwari a layin, sannan mai feshi ya bi ta kai. An yi musu tarko ke nan. A bar mita 5 tsakanin layin da inda famfo ke tsayawa. Kuma a riƙa duba bayan ganye, in darɓa ko farin ƙuda sun fara taruwa a tuge wannan kashin.

Gida kuma: kusan kashi 70 cikin 100 na ƙudan daji masu zaman kaɗaici a ƙasa suke haƙa rami. Ɗan tudun da ruwa ba ya kwanciya, wanda rana ke duka, da 'yan ramuka kamar an soka tsinke da ɗan tarin ƙasa a baki, kada garma ta bi ta kai. Tsohuwar katangar ƙasa ma gida ce. Sauran a kara da busasshen itace suke, don haka tsohon darni kada a cinna masa wuta, a jingine shi a gefe har damina ta wuce.

Nura Ɗalibi:
Na ga ana huda katako ana ratayewa. Yana aiki?

Malama Rabi Malamar Kimiyya:
Yana yi in an yi daidai. Busasshen itacen da ba a shafa wa maganin gara ba. Huda mai faɗin milimita 3 zuwa 10, zurfi santimita 10 zuwa 15, kada ta ɓulle ta baya. In ramin ya gajarce, maza za su fi yawa, domin uwar a can ciki take ajiye ƙwan mata. A goge bakin ramin, tsaga na yaga fiffike. Ko a ɗaure guntayen gora a yanka daidai gaɓa ta zama murfin baya. A rataye sama da mita ɗaya, ya dubi gabas, da 'yar rumfa don ruwa, kuma kada ya riƙa lilo. In ka ga an toshe baki da laka ko yankakken ganye, an shiga. Ƙanana da yawa a warwatse sun fi babba ɗaya, don babba na tara ƙwayar cuta da masu cin 'ya'yan. Bayan shekara biyu a sauya. Zanzaro zai kama wasu ramukan, a ƙyale shi, tsutsar gona yake kwasowa 'ya'yansa.

Garba Mai Feshi:
Saura matsala ɗaya da ba wanda ya taɓa. Fadama gona na manne da gona. Kai ka koma feshin yamma, na kusa da kai ya fesa da hantsi, ƙudan zuma kuwa yana cin kilomita 2 zuwa 3, bai san iyaka ba. Sai an zauna da sarkin noma ko shugabannin ƙungiyar masu ban ruwa an tsayar da doka ɗaya ga kowa a makonnin fure, kuma a sanar da masu amya kwana biyu kafin babban feshi.

Alhaji Tanko Mai Zuma:
Kwana biyu ya yi. A daren da ya gabata sai a ɗauke amyar zuwa inda ya wuce kilomita 3, in ƙasa da haka ne za su komo tsohon wurin. In ɗauka ba ta yiwu ba, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara tun kafin asuba, ana yayyafa ruwa. Amma kada a toshe ƙofa ruf da zafin Maris, cikin 'yan awanni saƙa za ta narke a kansu.

Hajiya Lami Mai Man Kaɗe:
Rakuwar da ke kogon bishiya fa Alhaji, wa zai lulluɓe ta?

Alhaji Tanko Mai Zuma:
Ba mai iyawa Hajiya. Ita sai dai famfo ya tsaya nesa da bishiyar.